Ledar maganin Baba

Ina shekara ta biyu da fara aikin jinya a Garwa ta ƙasar Kamaru aka dawo mana da wani dattijo, kwana tara kacal bayan mun sallame shi. Watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40, kogin Binuwai ma ya janye ya bar rairayi. Ciwon zuciya ne ya kwantar da shi da farko, ga hawan jini, ga suga. Da ƙafarsa ya tafi gida, kumburi ya saɓe. Amma dawowar a kan babur aka yi ta, jikansa na tallafe da shi ta baya, leɓe a bushe, jini ya yi ƙasa, ko zama ya yi sai jiri.

Ni ce na yi masa bayanin magani ranar sallama. Kala bakwai. Takardar da Faransanci take, na karanta na fassara masa, wannan da safe, wannan da rana, wancan sau biyu. Na ce, "Baba, kun gane?" Ya ce, "Na gane, 'yata, Allah ya yi miki albarka." Ina dattijo zai ce wa sa'ar jikarsa bai gane ba? Kuma ashe ba shi ke taɓa ledar ba ma. Surukarsa ce mai ba shi, ita kuwa ranar tana gida tana girki.

Da ta zo muka ce ta kawo duk abin da yake sha, ta juye mana baƙar leda a kan gado. Ga furosemide ɗin da muka ba shi, maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari. Ga kuma wani kwali da ɗansa ya saya tun kafin a kwantar da shi, an rubuta Lasilix. Magani ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. Kullum da safe tana haɗa masa biyun, cikin wannan zafi, har jikinsa ya tsotse. Can ƙasan ledar akwai glibenclamide, maganin suga, tana ba shi a kan lokaci ko da ya ture kwanon abinci, alhali maganin nan ba ruwansa da ka ci ko ba ka ci ba, suga zai sauke. Allah ne ya kiyaye.

Matar nan ba sakaci ta yi ba. Da mai sakaci ce ma da abin ya zo da sauƙi, don da ta riƙa mantawa.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin rage mummunar illar magani da rabi cikin shekara biyar, kuma cikin wuraren da ta ce an fi yin tuntuɓe akwai tarin magunguna a hannun mutum ɗaya da lokacin da majinyaci ke barin asibiti zuwa gida. Na taɓa jin haka a aji. A gadon Baba na gan shi da idona.

Yanzu kafin sallama tambayata ta farko ita ce, wa zai riƙa ba shi? Sai an kira min shi. Sannan a kawo tsohuwar leda, mu ware abin da likita ya dakatar. Na daina cewa safe da dare, sai bayan asuba da bayan magariba, tunda ba kowa ke duba agogo ba amma kowa na jin kiran salla. "Kun gane?" kuma na bar ta, in ce, "Inna, ku nuna min na gobe."

Baba ya yi kwana huɗu ya murmure, likita ya rage maganin ya koma biyar. Muna haɗa masa kaya ya rage murya ya ce min shi fa ranar Juma'a ba zai sha na fitsarin nan ba, yana karya masa alwala a sahu. Na kai maganar gun likita, ya ce ranar Juma'a ya sha in an sauko daga masallaci.