Murfin Alpha Jet ya fito a ja na 14

Jama'a, daren jiya wajen ƙarfe goma sha ɗaya murfin gilashin wurin zaman matuƙi na ƙaramin samfurin jirgin yaƙin da nake haɗawa ya fito garau. Na ɗaga shi a gaban fitila ina juyawa har uwargida ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Sati uku ke nan ina fama da abin da bai kai tsawon ɗan yatsana ba.

Masu bibiya sun san Alpha Jet ne nake haɗawa a ma'aunin 1/72, wato kashi ɗaya cikin 72 na tsawon jirgin gaske, irin na sojojin samanmu da ke Kainji, mai kujera biyu gaba da baya. Murfin da ya zo a kwali ni na taka shi da kaina, ba laifin kowa ba ne, shi ya sa dole in yi sabo. Akwatin zuƙar iska kuwa, wanda ke zuƙo roba mai zafi ta kwanta a kan siffar murfin (kowane gwaji shi nake kira ja), kun gan shi tun bara, bai canza ba.

Na sassaƙa siffar da katako, kamar wanda masu wankin hula suke kifa hula a kai, na bi ta da samfefa har lamba 1000. A ido sumul. Da na ja robar PETG, wata roba garai-garai mai kaurin milimita 0.5, a kanta, sai ga jijiyoyin katakon sun fito raɗau a cikin murfin. Roba mai zafi ba ta rufa wa kowa asiri, duk abin da ke ƙarƙashinta sai ta kwafo shi. Na fesa wa siffar fenti don ya toshe ramukan. Wannan ya fi muni, zafi ya tausasa fentin ya manne a cikin robar, ja uku suka tafi a banza.

Daga nan na haƙura na koma zubi. Na shafe katakon da sufa gulu, na goge, na yi masa mazubi da silikon, na zuba epoksi, wani ruwan gam mai daskarewa ya yi tauri, don in sami siffar da ba ta da jijiya kuma tana jure zafi. Naira dubu 38 silikon ɗin ya ci da kuɗin aike, kuma abin da na yi amfani da shi bai cika kofin shayi ba. Har yanzu in na tuna sai na ji zafin.

Na zaci an gama. Ina! Sai wasu ɗige-ɗige ƙanana suka fara bayyana a saman murfin, daidai inda ido yake fara sauka. Nan ne na kusa ajiye aikin. Na fara zargin zafi, domin idan robar ta wuce lokacinta a kan wuta takan yi kumfa. Na rage, na daina jira ta yi ciki sosai kafin in kifa. Sai ta ƙi kwanciya a gefe, ta tattare a bayan murfin, ɗigon kuma yana nan. Na ɗora siffar a kan tudun milimita 5 don tattarewar ta sauka ƙasa da inda zan yanke. Wannan ya yi magani, amma ɗigon ko gezau.

A ja na 11 na ɗauko gilashin ƙara girma na duba. Ashe iri biyu ne. Wasu ƙura ce tsagwaronta: da ka ɓare ledar da ke jikin robar sai ta riƙa jawo ƙura kamar maganaɗisu, ga hunturu, ga ni ina aiki taga a buɗe. Sauran kuwa iska ce ta maƙale. Na yi wa siffar goge har tana ɗaukar ido, robar tana taɓa ta sai ta like, iskar da ke tsakani ta rasa hanyar fita. Wato ƙwazon nawa ne ya cuce ni.

Na dawo da ita baya da samfefa 1500 da ruwa har ƙyallin ya mutu. Na rufe taga, na yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, na bar ledar a jikin robar sai dab da ɗorawa a wuta. Na kuma ɗumama siffar kaɗan don kada robar ta daskare da zarar ta taɓa ta. Ja na 12 aka ɗauke wuta robar tana tsakiyar laushi, ba sai na faɗi abin da na ce ba. Na 13 ya fita da ɗigo ɗaya. Na 14 babu ko ɗaya, har layin da ya raba murfin gaba da na baya ya fito.

Na ƙara jan biyu na ajiye, domin yanka ne ke gaba kuma hannuna na san shi. Da farin gam na kafinta zan manna, kada wani ya ce mini sufa gulu, hayaƙinsa zai mayar da murfin fari fat.

Tambayata ga waɗanda suka riga ni: kuna yanke murfin yana kan siffar ne, ko sai kun cire? Gefen nawa ya yi siriri ƙwarai, ina tsoron reza ta yage shi.