Yadda na koma buga kofunan biki da wayata

Da can in kana son a buga maka kofi ko riga da sunanka, masu bugawa ba sa ma kallonka sai ka ce ɗari ko fiye, saboda sai sun haɗa sikirin tukuna, wato ragar da ake tura fenti ta cikinta zanen ya fito, kuɗin haɗawar kaɗai ya isa ya kore ka. Ni yanzu kofi ɗaya tal nake bugawa kuma in ci riba, rabin aikin ma a waya nake gama shi ina zaune a shago.

Canva nake amfani da shi wajen zane, na kyautan ma ya ishe ni. Kwastoma zai turo hoton amarya da ango da ranar ɗaurin aure ta WhatsApp, in jera su in tura masa ya gani, in ya amince sai in juya zanen ya koma kamar a madubi, in fitar a firinta mai tawadar sublimation, wato tawadar da zafi ke shigar da ita jikin kofi, in naɗe takardar jikin kofin da tef mai jure zafi in saka a injin gasa kofi wajen digiri 180 zuwa 200, minti uku haka ya fito. Amma fa ba kowane kofi ba, sai farin nan mai shafi na musamman a jikinsa, riga kuma sai mai polyester, in auduga ce zalla wanki ɗaya zanen ya kode.

Inda aka fi wahalar da ni hoto ne wallahi. WhatsApp yana matse hoto, a waya za ka ga fes amma a jikin kofi fuskar amarya duk ta dushe, ga shi wasu ma sikirinshot na status suke turowa. Sai in ce Hajiya don Allah ki turo shi a matsayin document, ta ce ai shi ne dai wannan ɗin, sai na yi mata voice note ina nuna mata inda za ta danna. Ga kuma rigimar kala, shuɗin da ke haskawa a fuskar waya ba shi ne tawada ke bayarwa ba, mai biki kuma so take ya dace da ankonta sak. Shi ya sa in odar da yawa ce guda ɗaya nake fara bugawa ta gani da idonta, kuma ba na kunna inji sai ta rubuto min ta yarda da sunaye da kwanan wata, a rubuce ba a baki ba, don kofi in ya gasu ba ya goguwa.

Kuɗi kam tun ƙarancin takardar naira na farkon 2023 kusan kowa taransifa yake yi, OPay ko Moniepoint, rabin kuɗi kafin aiki. Wuta ce har yanzu waya ba ta magance min ba, injin yana jan wuta sosai, sai in tara oda in bari sai an kawo nefa in gasa su gaba ɗaya ko da tsakar dare ne.