Hutun mai bishara bayan dawowa daga ƙauye

Tun da muka dawo Maradi daga aikin bishara a ƙauyukan arewacin Dakoro, abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ikilisiyoyinmu suka ƙware wajen sallamar masu tafiya da addu'a da guzuri, amma ba su cika yi musu tanadin dawowa ba. Mutum zai sauka daga mota ranar Juma'a, ƙura har cikin gashin ido, kafin Lahadi an riga an sa sunansa cikin masu wa'azi.

Gajiyar irin wannan tafiya ba ta nuna kanta a ranar farko. A can a kan tabarma ake kwana, ruwan rijiya ake sha, ana keta rairayi a kan babur ko amalanke, kuma da yake sai bayan kaka manoma ke samun sukunin zama su saurara, yawancin fitarmu tana faɗawa cikin hunturu. Sai an dawo gida jiki ya saki, sannan tari da mura da ciwon gaɓoɓi su taso. Zazzaɓin cizon sauro kuwa yakan yi mako ɗaya zuwa biyu bayan cizon kafin ya bayyana, saboda haka duk wanda jikinsa ya yi zafi bayan dawowa ya je likita a gwada jininsa, kada ya ce gajiya ce kawai ya tsaya ga masu tallar magani.

Akwai kuma gajiyar zuci, wadda ta fi wuyar faɗa. Kana kwance a ɗakinka amma hankalinka yana wurin 'yan tsirarun masu bi da ka baro suna sujada a ƙarƙashin rumfar kara, ba su da mai karanta musu Maganar Allah sai wani saurayi ɗaya. Idan ba ka sami kwanakin shiru ka miƙa su ga Ubangiji ba, nauyin nan yakan juye ya zama faɗa da iyali a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki hutu a matsayin lalaci ba. A Markus 6:30-31, da manzanni suka dawo suka ba da labarin aikinsu, Yesu ya kira su gefe su ɗan huta, domin jama'a sun hana su ko cin abinci. A 1 Sarakuna 19, annabi Iliya barci ya yi, aka tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa har sau biyu, kafin ya kama hanyar dutsen Horeb. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), wadda ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, ita ma ta keɓe wa ma'aikatanta gidan hutu a Miango, kusa da Jos.

Al'adarmu ta barka da dawowa abu ne mai kyau, kuma ba na fatan ta gushe, sai dai tana bukatar lura. Wata dattijuwa daga zumuntar mata ta kawo mana fura a ƙwarya, ta tsaya a zaure, ta ce wa maiɗakina, "Ɗiyata, kada ki tashe shi, in ya farka ki ce Mama na yi masa sannu da hanya." Wannan gaisuwar ta fi mini amfani a kan doguwar hira.

Roƙona ga fastoci da dattawa shi ne a bar wa masu dawowa Lahadin farko su zauna a benci kamar kowa, a ɗauke musu taron kwamiti na mako guda, a kuma ɗaga rahoton tafiya zuwa Lahadi ta biyu, lokacin da za su iya bayyana wa ikilisiya bukatun ƙauyukan dalla-dalla.