Takardar cinikin 1838 da abin da ta koya min

Lokacin da malaminmu na tarihin ikilisiya ya ba ni aikin rubutu kan diyyar bauta a coci-cocin Amurka, ni a tunanina maganar kuɗi ce kawai, nawa aka ba da, wa ya karɓa, shi ke nan. Sai na ci karo da takardar cinikin da limaman Katolika 'yan ƙungiyar Jesuit suka yi a 1838, inda suka sayar da bayi 272 daga gonakinsu na Maryland zuwa Louisiana a kan dala 115,000, wani ɓangare na kuɗin ya tafi biyan bashin kwalejin Georgetown. Sunan farko a jerin Isaac ne, tsoho ɗan wajen shekara 65, sai 'ya'yansa da jikoki na biye. Gaskiya na daɗe zaune a laburare ina kallon sunan nan ban iya rubuta komai ba. Mutanen nan an yi musu baftisma fa, a hannun waɗanda suka sayar da su.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne jikokinsu da yawa ba su bar cocin ba, har yau akwai su a garin Maringouin da ke Louisiana suna zuwa sujada. A 2017 aka nemi gafararsu a bainar jama'a, aka sa sunan tsohon nan, Isaac Hawkins, a wani ginin Georgetown da a da yake ɗauke da sunan limamin da ya yi cinikin, a 2021 kuma Jesuit suka yi alkawarin tara dala miliyan 100, amma tarin ya yi ta jan ƙafa har jikokin suka fito suka koka, kuma ni ina ganin suna da gaskiya, domin wanda aka zalunta shi ya kamata ya ce ga yadda za a biya shi da lokacin da za a biya.

Da na kai rubutun farko malam ya ce min, ɗana, ka cika shafi da adadi, ina mutanen? Ya buɗe Luka 19 ya nuna min Zakka, wanda bai tsaya a "na tuba" ba, cewa ya yi zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya cuta, ke nan sai ya san su ɗaya bayan ɗaya ya je ƙofar gidansu. Na koma na sake aikin daga tushe, na fara da sunan Isaac.