Ciwo a cinya, hannu a ƙeya

A ruku'u na fara gane cinyoyina sun ƙage. In na duƙa, sai in ji bayan cinya ya ja kamar tsirkiya, dole in lanƙwasa gwiwa kafin bayana ya daidaita. Shekara 19 ina bisa keken ɗinki a Zengo, kuma kowa ya san tela a watan azumi ba ya tashi sai salla ta tashe shi.

Ƙanena ne ya matsa mini, ya ɗauke ni a kabu-kabu zuwa wajen wani kine, wato likitan da ke gyaran tsoka da gaɓoɓi ta hanyar tausa da motsa jiki. Mutumin ya ce in tsaya, in miƙe gwiwa, in kai hannu ƙasa. Ya auna tsakanin yatsuna da siminti: santimita 17. Na yi dariya, yau ga mai awo ana auna shi.

Sai ya ce in kwanta rigingine. Ina jiran ya kama ƙafa, sai ya zagaya ya zauna wajen kaina, ya sa tafukansa ƙarƙashin ƙeyata, kan yatsunsa daidai inda ƙoƙon kai ya haɗu da wuya. Bai murɗa ba, bai ja da ƙarfi ba. Nauyin kaina ne kawai ya sauka bisa yatsun.

Na ce, "Likita, ƙafa ce fa ke damuna."

Ya ce, "Na ji, Malam. Rufe ido, ka saki wuyan."

Bayan kamar minti biyu na tashi, muka sake awo: 11. Ban taɓa cinyar ba, shi ma bai taɓa ta ba.

Ga yadda ya warware mini. A gindin ƙeya akwai ƴan ƙananan tsokoki, huɗu a kowane gefe, masu riƙe kai. A 1995 masu binciken jiki a Amurka suka bayyana cewa ɗaya daga cikinsu tana manne da tantanin da ya lulluɓe laka, shi kuma tantanin ya gangara har ƙasan gadon baya, inda jijiyoyin ƙafa ke fitowa. A 2009 wasu a Sifen suka gwada wannan dannar ƙeya ga masu ƙagaggen bayan cinya, suka ga duƙawarsu ta ƙaru nan take. Amma ya ce kada in ɗauka naman ya yi tsawo cikin minti biyu. Jiki ne ya sassauta tsaro, ya bari a ja shi. Ni na fahimce shi da zaren keke: in ya ɗaure a ƙasa, sau da yawa a sama ake kwance shi.

Kwana biyu da komawa shago, tsirkiyata ta dawo. Raina ya ɓaci, har na ce wa ƙanena kuɗin kabu-kabu ya tafi a banza. Ashe laifina ne, don kine ya ba ni aiki ban yi ba: in ɗora diddige bisa benci, in sunkuya daga ƙugu, daƙiƙa 30 kowace ƙafa, safe da yamma. Yanzu ina yi kafin in buɗe shago da bayan la'asar, yara na kallona suna ƙunshe dariya.

Ɗaya daga cikinsu ya ce zai riƙa danna mini ƙeyar kyauta. Na ce a'a. Kafin kine ya taɓa ni sai da ya tambaya ko ina jin jiri, ko na taɓa faɗuwa daga babur na bugu a wuya, yaron nan kuwa ko wuyan riga bai gama iya yankawa ba. Jiya na sa shi ya auna ni da abin awon shago: 8.