Talata, da suwicin jitar Auta

Wuta ta zo da asuba, ta tafi kafin walaha. Shayi, aiki, zafi.

Bayan la'asar Auta ya shigo da jitarsa, irin ƙirar Stratocaster, rai a ɓace. "Yaya, wannan abu ya lalace, sai tsuwwa yake kamar gwangwani." Na duba suwici, yana can ƙasa a mataki na 1 tun ranar da aka saya.

Ba abin da ya lalace. Fikof uku ne a jikinta, kowanne maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, yana ɗaukar rawar tsirkiya daga inda yake zaune. Na kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke zaune a kai a jikin jitar, inda tsirkiya ba ta lilo sosai, shi ke ba da sauti siriri mai kaifi. Na kusa da wuya kuwa kauri da taushi. Suwicin ne ke zaɓar fikof: mataki na 1 jaki, na 3 tsakiya, na 5 wuya, na 2 da na 4 suna haɗa biyu. Kamfanin Fender mai ƙera Stratocaster sai a 1977 ya fara saka suwici mai mataki biyar, kafin nan makaɗa da dabara suke tsayar da mai uku a tsakani.

"To wannan gurnanin fa?" Na wuta ne, sau 50 a daƙiƙa, ga caja da janareta kusa da amfilifaya. Fikof mai naɗi ɗaya haka yake. Na ce ya kai mataki na 4, gurnanin ya ɗauke, domin fikof na tsakiyar an juya naɗinsa da fuskar maganaɗisunsa. Dabarar da injiniya Seth Lover ya yi wa kamfanin jita na Gibson ke nan, naɗi biyu a fikof ɗaya, wanda aka fara sa wa jitar Les Paul a 1957.

Sai tsayin fikof. A danne tsirkiya a ƙarfen ƙarshe na wuya, a auna tazarar da ke tsakaninta da fikof: wajen milimita 2 a ɓangaren tsirkiyoyi masu kauri, 1.6 a na sirara. In ya matso fiye da haka, maganaɗisu zai ja tsirkiya, sauti ya riƙa rawa ya mutu da wuri. Rabin juyi na sukundireba, a saurara, sannan a ƙara.

Abin da ya tsaya min a rai: mai shagon har ya ce masa ya kawo kuɗin sabon fikof. Ko suwicin bai taɓa ba.

Tuwo ya huce. Gobe wayar amfilifaya, ita ma tana ƙara.