Ranar da makulli ya karye a Mabera

A shekarar 2017 na baro garinmu da ke kusa da Birnin Ƙonni na dawo Sakkwato da zama, da keken ɗinki ɗaya da matata da ɗiyarmu ta fari. Wanda bai san hanya ba zai ɗauka wata doguwar tafiya ce, alhali daga Ƙonni ka tsallaka Illela, ka biyo ta Gwadabawa da Kware, sai ga ka cikin birni. Hausarmu ɗaya da ta Sakkwatawa, furarmu ɗaya. Duk da haka baƙunta ba ta sake ni da wuri ba. Bakina ya saba da lissafin sefa, dala da jaka, sai in tsaya gaban mai kanti ina juya naira a cikin kaina. In na ce yarinya za ta lakwal, wato makaranta, sai a tambaye ni ina ne nan. In na ce lakile ya ɓace, sai an yi dariya kafin a gane makulli nake nufi.

Iyayena ba su taɓa ganin inda nake zaune ba. Mun shirya zuwansu a 2019, sai Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamban 2020. A wannan tsakanin aka haifa mana namiji. Sai cikin Maris na 2021, saura 'yan makonni a kama azumi, Baba da Inna suka iso da buhun albasar Galmi da adakar ƙarfen Inna wadda tun aurenta take tare da ita.

Tun daren farko aka fara. Makullin kwaɗon adakar ya faɗi a hanya, wataƙila wajen sauka daga mota a bakin iyaka. Inna ta kwance bakin zanenta ta ɗaure ya fi sau biyar, ta hana a fasa kwaɗon. Ranar ta biyu kuma Baba ya fita sallar asuba shi kaɗai, ya dawo ya kasa gane ƙofarmu, don gidajen layinmu a Mabera duk ƙyauren ƙarfe ne masu fenti iri ɗaya. Wani ɗan kabu-kabu ne ya maido shi.

Baba bai ji daɗin gidan ba, kuma bai ɓoye mini ba. A garinmu zaure a buɗe yake wuni, asabari kawai ake saukewa. Nan kuwa ya ƙirga makullai huɗu kafin mutum ya kai ga shimfiɗarsa. Ya ce da ni, "Kai yanzu in wani abu ya same ka cikin wanga gida, wa ka sani?" Maganar ta tsaya mini a rai, don ni ma na sha yi wa kaina wannan tambayar.

Ranar ta huɗu na kai Inna da matata Hubbare. Inna ta daɗe tana son ziyarar kabarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, kuma tana yawan tuna mana cewa a Maratta aka haife shi, can ɓangarenmu. Muka bar Baba da jikansa yana barci a ɗaki. Da aka kira azahar, Baba ya ja ƙofar ɗakin ya murza makulli don kada yaron ya farka ya fita titi. Da ya dawo, kubar ta cije. Ya sa ƙarfi, makullin ya karye, rabi a hannunsa, rabi a ciki. Safayar kuwa tana cikin ɗakin, kan talabijin.

Muna isowa na ji kukan yaron tun daga bakin layi. Babu wuta, fanka a tsaye, rana a tsaka, tagar kuma sandunan ƙarfe ne a jikinta. Inna ta manne da tagar tana ce masa, "Yi shiru angona, ga ni nan, yi shiru," tana miƙa masa ruwa a murfin buta. Baba ya zauna a ƙasa da guntun makullin a tafin hannunsa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Na ɗauko taɓarya zan doki ƙofar. Maƙwabcina mai sayar da hatsi ya riƙe hannuna, ya ce ƙofar ƙarfe ba ta jin duka, sai dai ta lanƙwashe ta ƙara cijewa, yaron kuma ya firgita. Ya hau babur ɗinsa, ba a jima ba ya dawo da wani dattijo mai gyaran makulli daga wajen Babbar Kasuwa, da 'yar jakar fata a rataye.

Dattijon ya yi sallama, ya leƙa tagar ya ga yaron, sannan ya dube ni. "Wanga ɗaki naka na?" Na ce nawa ne, haya nake. Ya ce, "Wa ka shaidar ka?" Raina ya ɓaci a lokacin, ɗana na kuka ana tambayata shaida. Amma kafin in buɗe baki, maƙwabcin ya ce, "Telanmu na, shekara huɗu muna tare." Matar gidan da ke kallonmu ta ce daga bayan ƙyaure ita ta yi wa uwar yaron wankan jego. Ladanin masallacinmu, wanda hayaniya ta jawo, ya ce a sahun farko yake ganina kullum asuba. Duk wannan bai ɗauki minti ɗaya ba. Na ga Baba ya ɗago kai yana bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Sai dattijon ya durƙusa. Ya zaro wani siririn ƙarfe da ya gyara daga karyayyen zarto, ya zura shi a gefen guntun makullin, haƙoran suka kama, ya riƙa jawowa a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar yaro. Da kan guntun ya leƙo, ya cafke shi da ƙaramar filaya. Daga nan ya sa ƙarfe biyu a ramin, ɗaya yana ɗan murzawa, ɗaya yana taɓa abin da ke ciki, kansa a sunkuye, idonsa a rufe. Muka ji ƙas. Inna ce ta fara shiga.

Bayan yaron ya sha ruwa ya yi shiru a bayan kakarsa, dattijon ya kwance kubar ya nuna mini cikinta. Wasu 'yan ƙusoshi ne guda biyar, kowanne da tsawonsa, da 'yar waya mai tura shi ƙasa. Haƙoran makulli su ke ɗaga kowanne daidai inda ya kamata, sannan cikin ya juya. Tamu ta cika da ƙurar hunturu da ta haɗu da man gyaɗan da na taɓa ɗiga mata, ta zama kamar ƙullu. Ya ce kada in sake sa mata mai, in goga bakin fensir a jikin makullin ya isa. Ya haɗa guntayen biyu a kan wani sabon makulli marar haƙora, ya bi su da magagari har ya fitar da irinsu. Kwaɗon adakar Inna kuwa, ko zama bai gyara ba ya buɗe shi, kuma bai yi masa lahani ba. Ya ce aikin ƙarfe gadonsu ne, kakanninsa maƙera ne a Maƙerar Assada.

Na tambaye shi dalilin neman shaida. Ya ce hannun da ke buɗe ƙofar mai gida shi ke buɗe wa ɓarawo, don haka mahaifinsa bai koya masa taɓa kuba ba sai da ya koya masa tambaya. Baba ya ciro albasa cikin kwano ya ƙara masa a kan kuɗin aikinsa, suka daɗe suna hira a kan mutanen Ƙonni da dattijon ya sani.

Sun yi kwana goma sha biyu. Ranar komawa, a tashar motocin Illela, Baba ya kira maƙwabcina gefe, wanda ya rako mu, ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce, "Ga amanar ɗiyana nan." Makulli uku dattijon ya yanka mana. Ɗaya yana wurina, ɗaya wurin matata, na ukun yana rataye a ƙusa cikin shagon hatsin maƙwabcina.